Gudu a jami'ar Oregon: wa ke biyan kuɗin?

A ƙasar Amurka, can yamma, akwai wani gari ana ce da shi Eugene. Nan jami'ar Oregon take, watau babbar lakkwal. Sunanta ya fita duniya saboda ɗalibanta masu tseren gudu da tsalle da jifa.

Ƙungiyar wasan ba ƙarama ba ce. Akwai sashen maza, akwai na mata. Bisa ƙa'idar da aka sa a shekara ta 2025, kowane sashe bai wuce mutum 45. Babban mai horo shi ke bisa kansu. A shekara ta 2022 aka ba Jerry Schumacher wannan aiki. Yana da mataimaka: wani na gajeren gudu, wani na dogo, wani na tsalle, wani na jifa. Ga masu duba ciwon ƙafa da jijiya. Duk albashi suke ɗauka.

Ga kuma abinci da takalma da kuɗin jirgin sama. Tun shekara ta 2024 Oregon ta shiga ƙungiyar jami'o'i ta Big Ten, tafiya ta ƙara nisa.

To, gudu bai ciyar da kansa. Abin da ƴan kallo ke biya bakin ƙofa bai isa komi ba. Ƙwallon Amurka, wadda ake ɗauka da hannu, ita ke kawo kuɗin talabijin, daga rumbunta ake ɗebo ma masu gudu.

Oregon ta yi dace da wani attajiri, Phil Knight. Yana saurayi ya yi gudu nan, hannun mai horo Bill Bowerman. A shekara ta 1964 su biyu suka fara cinikin takalma, shi ne ya zama kamfanin Nike. Knight da matarsa su suka ɗauki mafi yawan kuɗin sake gina filin Hayward, aka gama shi a 2020. A 2022 nan aka yi gasar duniya ta guje-guje. Ba kowace jami'a ke da irin wannan ɗa ba. A shekara ta 2020, da cutar korona ta hana kallo, jami'ar Minnesota ta soke gudun cikin ɗaki na maza. Jami'ar Clemson ta ce za ta rufe sashen maza gaba ɗaya, sai da aka tada ƙura ta janye a 2021.

Ɗalibi kuwa abin da yake nema shi ne a biya masa karatu. Shekaru da yawa doka ta tsaida: rabon mata kuɗin karatun mutum 18, na maza bai cika na mutum 13 ba. Sai mai horo ya riƙa gutsurawa, wannan rabi, wancan rubu'i, kamar dame guda a gida mai yawa. Edward Cheserek, ɗan ƙasar Kenya, ya yi ma Oregon gudu daga 2013 zuwa 2017, ya ci gasar jami'o'in Amurka sau 17.

A watan Yuni na 2025 alƙali ya amince da wani sulhu, aka ɗage waccan iyaka. Aka kuma yarda kowace jami'a ta raba ma ƴan wasanta har dala miliyan 20 da rabi a shekarar farko. Dalar Amurka ke nan, ba dalar kasuwar Maraɗi ba: kuɗin sun haura sefa miliyar 10. Amma kaso mafi tsoka ƴan ƙwallo ke kwashe shi.