Ƙiba, Gado da Abinci: Ina Gaskiyar Take?

Ana yawan cewa duk wanda ya rage ƙiba ta sake dawo masa, kwaɗayi ne ya ci shi. Wannan zance akwai zalunci a cikinsa, domin jiki da kansa yake fafutukar maido da abin da ya rasa. A 2016 Kevin Hall da abokan aikinsa a Amurka suka fitar da sakamakon bibiyar mutum 14 da suka shiga gasar rage ƙiba ta talabijin, The Biggest Loser. Bayan shekara shida ƙibar ta dawo wa yawancinsu, ga shi jikinsu yana ƙona kalori kusan 500 ƙasa da yadda ake zato a kowace rana. Wani bincike a Melbon ta Ostireliya a 2011 ya nuna cewa shekara guda bayan ramewa, sinadarin girelin mai tayar da yunwa yana nan sama, leptin mai shaida wa ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiyar kitse kuma ya yi ƙasa. Yunwar da mutumin yake ji ta gaske ce.

To, ƙiba gado ce? E, amma ba hukunci ba ce. Wanda ya gaji nau'in ƙwayar halittar FTO mai jawo ƙiba daga uwa da uba, kimanin kilo uku kawai yake ɗara waninsa. Dubi ƙabilar Pima. Asalinsu ɗaya, amma ciwon suga, abokin tafiyar ƙiba, ya kama kusan kashi 38 cikin ɗari na manyan da ke Arizona, alhali 'yan'uwansu manoma a duwatsun Meziko bai kai kashi 7 ba. Abinci da aikin ƙarfi ne suka raba su.

Batun tasirin gado a kan shan madara kuwa gaskiya ne. Fulani da yawa sun gaji iya narkar da sukarin ɗanyar madara har girma, wasu kuma da sun sha sai kumburin ciki da gudawa. Nono da kindirmo sun fi yi musu sauƙi, saboda tsamin ya rage sukarin.

Wanda ba shi da tushe shi ne tsara abinci bisa rukunin jini, wai mai jinin O sai nama. Masu bincike a Jami'ar Toronto sun gwada shi a 2014: wanda ya amfana da tsarin abinci ya amfana ne ko wane jini gare shi.