Yadda godiya ke taimaka wa mai son barin taba

Sinadarin nikotin da ke cikin taba sigari yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 da zuƙa, ya sa ta saki sinadarin dofamin mai kawo ɗan jin daɗi. Da zarar mutum ya daina sha, sai ƙunci da saurin fushi da rashin barci su taso masa. Abin ya fi tsanani a makon farko, sannan ya riƙa sauƙi cikin makonni biyu zuwa huɗu.

A nan godiya ke shigowa. Ƙwaɗayin taba yakan lafa bayan 'yan mintuna, kuma mai haƙurin jira shi ke tsallake shi. A 2014, binciken David DeSteno a Amurka ya nuna cewa masu jin godiya sun fi jure jiran lada mai tsoka a kan ƙaramin da ke hannu. A 2024 kuma, masu bincike a Jami'ar Harvard sun gano cewa tayar da godiya a zuciyar mashayi yana rage masa ƙwaɗayin sigari.

Abin godiyar ma a jiki yake: minti 20 bayan karan ƙarshe bugun zuciya ke sauka, cikin awa 12 gubar hayaƙi a jini ta ragu. Kowane dare, mai barin taba ya lissafa alheri uku da ya samu, ya kuma gode wa wanda ya tsaya masa.

Godiya ba ta maye gurbin magani. Wanda abin ya yi wa katutu ya nemi likita.