Hannun wa ke kan kunamar bindigar?

A garin Kelle, in ana dara a gindin bishiya, mai magudi ba ya nisa. Ramuka a fili suke, hannu a fili, 'yan kallo sun yi da'ira. Da ya gusar da ɗan itace ba bisa ƙa'ida ba, sai a yi masa caa. Amma samarin da ke zaune a fada, shayi na tafasa, kowa ya duƙufa kan wayarsa yana PUBG ko Free Fire, ba su taɓa ganin ko fuskar abokin karawarsu ba. Kana laɓe bayan bango, harbi ɗaya, an gama da kai. Gwani ne ko ɗan magudi? Tambayar ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, sai da na bi diddigin abin da ya faru a Shanghai na fara ganin bakin zaren.

A watan Oktoba na 2018 aka yi gasar eXTREMESLAND ta wasan Counter-Strike a wannan birni na Sin. Mutum biyar-biyar ake karawa. Ƙungiyar OpTic India na fafatawa da Revolution ta Vietnam, wasa ya yi zafi, kwatsam sai alƙalai suka tsayar da shi. Aka ga sun nufi kujera ɗaya, ta Nikhil Kumawat, wanda ake kira forsaken. Me suka gani?

Zargin ya riga wannan rana. Tun a gida Indiya wasu 'yan wasa ke ƙorafi a kan saitinsa. Hannun ɗan Adam, kome ƙwarewarsa, yana da halinsa: yakan zarce abin da ya nufa kaɗan, ya dawo, ya gyara. Saitin wannan saurayi kuwa yakan fizge ya manne a jikin abokin gaba kamar ƙarfe da maganaɗisu, wani lokaci ma mutumin na bayan bango, ido bai isa ya gan shi ba. Wannan alama ce babba. Sai dai alama ba hujja ba ce, kuma a nan masu zargi da yawa ke tuntuɓe. Gwani na gaske yana jin takun sawu a kunnensa, ya san lungunan da ake laɓewa, yakan ajiye saitinsa inda yake tsammanin kai zai ɓullo. In ya dace sau ɗaya ko biyu, ba abin mamaki ba ne. Abin dubawa shi ne maimaici: saiti ya riƙa bin mutumin da ba a gani, ya tafi dama in ya tafi dama, ya tsaya in ya tsaya.

Abin da ido ya kasa tabbatarwa, na'ura ta tona. Manhajar da ke gadin gasar ta nuna cewa akwai wani baƙon abu da ke aiki a kwamfutarsa. Alƙali ya zo ya tsaya a kansa, ya ce a buɗe. Bidiyon wannan lokaci ya zaga duniya: saurayin na kai hannu yana neman goge wani abu, alƙalin na hana shi. Mai gaskiya ba ya rige-rigen share sawu.

Da aka bincika, sai ga fayil mai suna word.exe, wato an sa masa sunan manhajar rubutun da ke kowane ofis don kada a kula shi. Kura ce da fatar akuya. Aikinsa shi ne ya karɓe saiti daga hannun mai wasa ya ɗora a kan abokin gaba. Fizgewar nan da aka daɗe ana gani ta sami bayani.

Saura tambaya guda: yau ya fara? Kamfanin shirya gasa na ESL India ya koma kan ma'ajiyar kwamfutocin gasar da OpTic India ta lashe a gida ba da daɗewa ba, ya tarar da sawun irin wannan magudi a can ma. Ashe kofin ma na haram ne.

Abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne abokan wasansa huɗu, waɗanda suka yi atisaye dare da rana, suka tsallaka ƙasa da fatan ɗaga sunan Indiya. An kori ƙungiyar daga gasar nan take, kamfanin OpTic na Amurka ya rusa ta baki ɗaya, suka rasa aikinsu. Shi kuwa Kumawat, hukumar ESIC mai sa ido kan gaskiya a irin waɗannan gasa ta haramta masa wasa na shekara 5.