Ƙaramin Makunnin Da Ke Hana A Daki Tsohuwar Mota Ta Baya

Duk mai tafiya da gudun kilomita 80 a awa ɗaya, motarsa na cin kusan mita 22 a kowace daƙiƙa. Idan fitilar birkin motar da ke gabansa ta makara da rabin daƙiƙa kawai, ya yi asarar mita 11 kafin ma ya san an taka birki. Wannan tazara ta wuce tsawon ƙananan motoci biyu a jere. Abin da ke kawo irin wannan makara a tsofaffin motoci ba wani babban abu ba ne, wani ɗan makunni ne da bai wuce girman babban yatsa ba.

Yadda tsohon tsarin yake

Motoci irin su MGB da aka fara ƙerawa a Ingila a 1962, da Morris Minor, da Volkswagen Beetle wadda aka riƙa haɗawa a Legas tun 1975, sun zo da makunnin da ke aiki da matsin man birki. A MGB na farko-farko ana ɗaure shi a jikin bututun man, a Beetle kuma a jikin masta silinda. Idan direba ya taka birki, man zai matsu, ya tura wani ɗan faifai a cikin makunnin, ƙarafa biyu su haɗu, sai fitila ta kama.

Matsalar ita ce sai matsin ya kai wani mizani kafin hakan ta faru. Makunni sabo yana amsawa da wuri, amma da ya tsufa sai ya fara nauyin ji. Ƙwayayen fitilar birki biyu, kowanne mai wat 21, suna jan kusan amfiya 3.5 a mota mai batirin bolt 12, kuma duk wannan wuta ta cikin ƙarafan makunnin take bi. Kowane kunnawa da kashewa yana barin ɗan tartsatsi, a hankali bakin ƙarafan ya ƙone. Daga nan sai an danne birki da ƙarfi fitila ke kamawa. A cunkoso, inda ake taka birki sama-sama, motar na rage gudu amma na baya bai ga komai ba. Mai motar ma ba zai sani ba, tunda fitilar a bayansa take.

Abin da makunnin feda ya bambanta da shi

Wannan ba ruwansa da man birki, motsin ƙafa yake bi. Yana aiki ne kamar fitilar cikin firij: muddin ƙofa na rufe tana danne ɗan maɓalli, fitila a kashe take, da an buɗe sai ta kama. Haka nan, idan fedar birki na hutawa tana danne hancin makunnin. Da ta ɗan motsa sai hancin ya saku, sifirin ya tura shi waje, wuta ta wuce. Wato fitila na kamawa tun kafin birkin ya fara riƙe taya.

Kamfanin MG da kansa ya koma wannan tsari a MGB na baya-baya, inda ake ɗaura makunnin a murfin akwatin fedoji. A motocin yau kuwa aikinsa ya wuce kunna fitila. Shi ke sanar da kwamfutar mota cewa an taka birki, shi ya sa mota mai maɓallin tayarwa ba ta tashi sai ka taka, kuma giyar otomatik ba ta fita daga P sai da shi.

Yadda ake saka shi

Da farko a cire kan batir. Sannan a nemi wuri kusa da hannun feda inda za a kafa ɗan ƙarfen da zai riƙe makunnin. Ƙarfen ya zama mai kauri, domin idan yana lanƙwashewa saitin zai riƙa gocewa. A mota mai fedar da ke rataye daga sama aikin ya fi sauƙi. A Beetle kuwa, da fedojinta ke tasowa daga ƙasa, wurin matsattse ne, kuma dole a kare makunnin daga ƙura, ruwa da dukan takalmi.

Tsohon makunnin a bar shi inda yake. Cire shi na nufin buɗe hanyar man birki, iska ta shiga, a koma aikin fitar da ita. Wayoyinsa biyu kawai za a zare a ƙara musu tsawo zuwa sabon. A motocin Ingila masu tsarin Lucas, koriyar waya ce ke kawo wuta daga fis, mai kore da ratsin shunayya kuma ita ke zuwa fitilun baya. Wasu rewaya kan haɗa makunnan biyu gefe da gefe, ta yadda ko ɗaya ya mutu ɗayan zai kunna fitilar. Idan aka ƙara rile a tsakani, makunnin zai ɗauki 'yar wuta kaɗan ne kawai, rilen ya ɗauki nauyin fitilun.

Inda aka fi yin kuskure

Saiti shi ne zuciyar aikin. Idan makunnin ya yi nisa da feda, fitila za ta zauna a kunne, na baya ya kasa gane lokacin da aka taka birki da gaske. Idan kuma aka murɗa shi ciki da yawa, zai hana feda komawa mazauninta. Wannan ya fi haɗari, domin fistin ɗin masta silinda zai toshe ƙaramin ramin da mai ke komawa tanki. Matsi zai taru, birki ya riƙa kama taya, ya yi zafi, har mota ta cije a kan hanya. Don haka feda ta koma ƙarshenta da kanta, makunni ya bi ta, ba shi zai zama abin tokare ta ba. Fitila ta kama bayan feda ta motsa kamar kaurin yatsa, sannan a ɗaure notin da kyau.

Mai son canza ƙwayayen zuwa LED zai ƙara samun kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, tunda ba sa jiran zare ya yi zafi. Sai dai a lura, MGB na kafin ƙarshen 1967 kan batirinsu mai alamar tarawa ne ke haɗe da jikin mota, kuma LED ba ya kamawa idan aka juya masa wuta.

Gwajin ƙarshe wayarka ma ta isa. Jingine ta a bayan motar, kunna bidiyo, ka taka feda a hankali da hannu kana faɗin lokacin da ta fara motsi. Idan fitila ta kama tun a farkon motsin, ta kuma mutu da zarar ka saki, aikin ya yi. Wannan gwajin na minti biyu ya dace da kowace mota, tsohuwa ko sabuwa, kafin a hau titi.