Kalmar "Jijiya" da Saƙar Jijiyoyin Laka

Malamin da ke koyar da sassan jiki da Hausa yakan gamu da wata wahala: kalmar jijiya ta haɗa hanyar jini, da agara, da kuma farin zaren nan mai kai saƙo. Na ukun shi ne abin nufinmu a nan.

Daga lakar da ke cikin ƙashin baya jijiyoyi 31 ke fita ta dama, 31 ta hagu: 8 a wuya, 12 daidai ƙirji, 5 a ƙugu, 5 a ƙarƙashinsa, 1 can ƙarshe. Ban da yawancin na ƙirji, sukan sarƙe da juna kamar saƙar tabarma kafin su rarrabu. Amfanin wannan saƙa shi ne tsoka takan sami zare daga tushe fiye da ɗaya, watau ko tushe guda ya lalace, ba ta mutuwa ɗungum.

Ga misalin da zai raba ma'anonin. In an ƙwanƙwasa agarar da ke ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa, sai tsokar cinya ta ɗan miƙe, saƙo ya bi ta saƙar ƙugu zuwa laka, laka ta mayar da umurni nan take, ƙafa ta zabura tun ƙwaƙwalwa ba ta sa baki ba. Likitocin Jamus biyu, Erb da Westphal, su suka bayyana wannan a 1875.

To, agara aka buga, jijiya ta kai saƙo. In malami bai bambanta su ba, ɗalibi zai ɗauka abu ɗaya ne. Shawararmu ita ce a riƙa cewa "jijiyar saƙo" da "jijiyar jini", a bar wa agara sunanta.