Targaɗe a Akébé: ƙanƙara, man zafi da gaggawar komawa fili

Wata magana tana yawo a wayoyin samarin Akébé, a Libreville ta Gabon, masu buga ƙwallon unguwa, wai likitan da ya koya wa duniya sa ƙanƙara a kan targaɗe ya janye maganarsa. Masu yaɗa ta har sun yanke hukunci: tunda Bature ya tuba, sai a koma ga ruwan zafi, da man zafi, da murza ƙafa har sai mai ita ya yi ihu.

Rabin labarin gaskiya ne. Dakta Gabe Mirkin, likitan wasanni a Amurka, shi ne a 1978 ya jera shawarwari huɗu da suka shahara: hutu, ƙanƙara, ɗauri da ɗaga ƙafa sama. A 2014 ya rubuta cewa ƙanƙara da hutu mai tsawo suna iya jinkirta warkewa, domin kumburi yana cikin aikin gyaran da jiki ke yi wa kansa. Amma bai ce a kawo garwashi ba. Ƙanƙara ta minti goma, a naɗe cikin tsumma, tana rage raɗaɗi, kuma iyakar aikinta ke nan.

Abin da ke faruwa in ƙafa ta gurɗe a filin da ruwan saman Libreville ya zaizaye shi ne, jijiyoyin da suka ɗaure ƙashi da ƙashi a gefen waje na idon sawu suna yagewa, kaɗan ko da yawa, jini yana tsiyaya a ciki. Zafi yana buɗe hanyoyin jini. Murza kuwa tana ƙara yaga abin da ya riga ya yage. Duk da haka za ka ga yaro zaune a bakin fili, aboki ya riƙe masa kafaɗa, wani dattijo yana jan yatsun ƙafar yana cewa, "Daure, ɗana, yanzu jijiyar za ta koma wurinta." Jijiyar ba ta je ko'ina ba. A cinyar da ta sha gwiwar abokin wasa ma abin ya fi muni, don tausa mai ƙarfi kan jinin da ya kwanta tana iya sa wani ƙulli mai tauri kamar ƙashi ya tsiro cikin naman.

A 2019 wasu masana gashin ƙashi biyu da ke aiki a Kanada, Blaise Dubois da Jean-François Esculier, suka fitar da tsarin da ake yawan bi yanzu. A kare ƙafar kwana ɗaya zuwa uku, a naɗe ta da bandeji, a ɗaga ta sama da ƙirji, sannan a soma taka ta a hankali gwargwadon yadda ciwo ya bari. Sun kuma ja kunne kan magungunan kashe kumburi a kwanakin farko. Wannan ya shafi masu haɗiyar diclofenac kafin wasa kamar gyaɗa, cikin zufar garin nan, ba tare da tunanin ƙoda ko ciki ba.

Babban kuskuren dai yana zuwa ne bayan mako guda, ranar da ciwo ya lafa. Duk wanda ya taɓa zuba daɓen siminti ya san samansa yana bushewa a yini ɗaya, amma magini ba zai bari a shigar da mota ba, don sai ya yi kusan kwana 28 kafin ya kai ƙarfinsa, kuma a tsakani ana yi masa ban ruwa. Lafawar ciwo bushewar sama ce kawai. Jijiya tana buƙatar makonni, wani lokaci watanni, ban ruwanta kuwa motsa jiki ne daidai gwargwado. Akwai kuma abin da ido ba ya gani: cikin jijiyoyin nan akwai 'yan ƙananan masu kai rahoto ga ƙwaƙwalwa kan yadda ƙafa ta sauka a ƙasa. Targaɗe yana rikita su, sai ƙafa ta riƙa gurɗewa kafin jiki ya ankara. Shi ya sa za ka ji saurayi yana cewa ƙafarsa ta hagu "ta saba", ko ya ɗora laifin a kan sammu.

Aikin likitan gashin ƙashi, wanda a nan ake kira kine, shi ne sake koya wa ƙafar. Yawancinsa ba ya buƙatar na'ura: tsayuwa da ƙafa ɗaya na rabin minti, daga baya ido a rufe, sai ɗagawa a kan yatsu, sai tsalle. Wanda bai iya yin tsalle da ƙafar da ta ji ciwo kamar yadda yake yi da ɗayar ba, bai isa komawa fili ba, ko da wasan ƙarshe ne.

Wani ciwon kuma ba na gida ba ne. Tun 1992 likitoci a Ottawa suka ba da ma'auni mai sauƙi: in mutum ya kasa yin taku huɗu, ko ya ji zafi sosai da aka danna ƙashin idon sawun kansa, a je a ɗauki hoto. Asibitin koyarwa na Owendo, kusa da Libreville, an san shi da aikin ƙashi. Mai ɗori, komai gwanintarsa, hannunsa ba ya ganin tsagewa.

Gabon ta karɓi gasar cin kofin Afirka a 2012 tare da Equatorial Guinea, ta sake karɓa ita kaɗai a 2017, aka buga a Libreville da Franceville da Oyem da Port-Gentil. An kashe kuɗi a kan manyan filaye. Da an ware ɗan abu kaɗan an koya wa masu horar da yaran unguwa shirin ɗumama jiki na FIFA 11+, da an rage masu ɗingishi. Shirin yana nan tun 2006, minti 20 yake ci, kuma bincike ya nuna yana rage raunuka da kusan kashi ɗaya cikin uku in ana yin sa aƙalla sau biyu a mako. Kayan aikinsa ƙwallo ne da 'yan alamomin da za a jera a ƙasa, waɗanda ko takalma ma sun wadatar.