Kada ƙyallin babur ya shigo mana da guba cikin gida

Da kaka ta yi, masara da waken soya suka fita kasuwannin Dandume da Bakori, kuɗi kan shiga hannun samari, babur kuwa shi ne abin farko da ake yi wa hidima. Sabon rufin kujera, fitilu, madubi, duk ba laifi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne bidiyoyin da ke yawo a TikTok da YouTube, inda mutum zai kwance babur ƙarfe-ƙarfe, ya kankare fentin shasi, ya goge shi har ya riƙa ɗaukar ido, ko ya tsoma shi cikin ruwan kurom a bayan ɗakinsa. Ƙannena na Funtuwa da Malumfashi da Ƙafur da Ɗanja, don Allah kada ku kwaikwaya.

Yawancin baburan da ake gogewa a bidiyon nan na tsere ne, shasinsu na alminiyam, wanda ba ya jan tsatsa. Bajaj Boxer da Jincheng da muke hawa kuwa baƙin ƙarfe ne, bututu mara kauri, fentin nan shi ne garkuwarsa. Ka kankare shi a watan Disamba, ka yi ƙyallin wata biyar, ruwan Yuni ya same shi tsirara. Ga takin yuriya da ake ɗaurawa a kariya, shi ma cin ƙarfe yake yi. Mafi muni, mai neman santsi yakan bi wuraren walda da injin gurza ya shafe tudunsu, alhali tudun nan shi ke riƙe da wuyan babur. Wanda ya jiƙa shasi cikin asid ɗin batir don cire tsatsa kuma, asid ɗin ya shige cikin bututu ya kwanta, yana ci daga ciki inda ido ba ya gani. Ranar da aka ɗora buhu mai kilo 100 aka faɗa rami a hanyar gona, a ranar za a sani, wataƙila da mace da goyo a baya.

Shi kurom na gaskiya aikin masana'anta ne. Ana fara shimfiɗa jan ƙarfe, sai nikel, sannan kurom ɗin da bai kai kaurin gashi ba, duka ta hanyar ƙarfin lantarki cikin tankunan sinadarai. Ruwan tankin kurom ɗin asid ne ja mai ɗaukar ido, kuma hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sinadarinsa cikin rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansar huhu. Tururinsa kan ci tantanin da ya raba kafafen hanci har ya huda shi. In ya taɓa ɗan yanka a yatsa, ya zama gyambo mai zurfi da ke daɗewa bai warke ba. Wasu tankunan jan ƙarfen ma da sayanayid ake haɗa su, wanda da zarar ya gamu da asid sai ya fitar da iskar da ke kashe mutum cikin mintuna. Ƙasashen Tarayyar Turai, tun 2017, ba sa barin kamfani ya yi aiki da wannan sinadarin kurom sai da izini na musamman. To ina ga zauren da ba taga, da tsumma a hanci?

Sai kuma tambayar da bidiyo ba ya nunawa: in an gama, ina za a zubar da ruwan? A gidajenmu amsar ita ce kwata ko bayan gida, taku kaɗan daga rijiya. Wannan sinadari yana narkewa a ruwa, yana bin ƙasa, tafasawa ba ta kashe shi. Daga kwata sai fadama, inda ake ban ruwan tumatir da rake, inda awaki ke sha. Mu da muke maƙwabtaka da Zamfara bai kamata a yi mana dogon bayani ba. A 2010, a Dareta da Bagega da wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara aƙalla 400 suka mutu da gubar dalma, domin an shigo da duwatsun zinariya cikin gida ana niƙawa a tsakar da yara ke rarrafe. Iyayen nan ba mugaye ba ne, abinci suke nema. Ƙurar tsohon fenti ma na iya ɗauke da dalma, kuma ƙaramin yaro ne ke fara kai ta baki.

Akwai kuma lambar shasi, wadda samfefa ke iya shafewa ba da niyya ba. Kun tuna dokar da Gwamna Aminu Bello Masari ya sa wa hannu a Agustan 2021, har aka hana sayar da tsofaffin babura a kasuwar Charanchi. A yankin da babur ya zama abin zargi saboda 'yan bindiga, saurayin da aka tsayar a shinge da gogaggiyar lamba zai sha wuya kafin ya wanke kansa.

Wanda tsatsa ta dame shi, ya wanke shasi da sabulu, ya goge wurin da ya ci kaɗai da samfefa mai laushi a jiƙe, a fili, nesa da yara, ya kai wa mai fenti ya sa na ƙasa kafin na sama. Mai son ƙyalli ya sayi madigadi ko murfin salansa da aka yi wa kurom tun daga kamfani. Shugabannin 'yan acaba da iyayen gidan gareji, ku ne yara ke jin maganarku, ku hana tun yanzu. In kuwa asid ya riga ya fantsama a ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na aƙalla minti 20, kada a ɗiga nono ko manja, a wuce Babban Asibitin Funtuwa ko na Malumfashi nan take, a tafi da kwalbar sinadarin don likita ya gani.